Na'urar tsofaffin gem da na saya saboda kiɗa

Makonni uku ke nan da na karɓi 'yar na'urar nan ta hannu mai ɗauke da tsofaffin gem, irin wadda ta cika shagunan kayan lantarki a 'yan shekarun nan, kuma na ga ya dace in faɗi abin da na tarar, domin duk waɗanda na ji suna yabonta a kan hoto da ƙarfin batir suke magana, babu wanda ya tsaya ya saurare ta. Ni kuwa saboda kiɗa na saye ta. A Kano na tashi a shekarun 1990, lokacin da yaro zai adana kuɗin tara na mako guda ya kai gidan gem, kuma abin da ya fi zama a kaina daga wancan zamani shi ne kiɗan da ke tashi daga tsohuwar talabijin ɗin shagon, wanda har yau nakan ji kaina ina bin sa da baki idan ina tuƙi.

Daren farko na fara da gem ɗin Famicom, na'urar da Nintendo ta fitar a Japan a 1983, wadda mu a nan muka fi sani ta hanyar kwaikwayonta masu kaset rawaya. A wannan ɓangare ba ni da ƙorafi ko kaɗan. 'Yar ƙwayar lantarkin da ke samar da sauti a Famicom, irin wadda masu gyaran waya ke kira ayisi, muryoyi biyar kacal take iya fitarwa a lokaci guda: biyu su ɗauki karin waƙa, ɗaya ta riƙe kauri daga ƙasa, ɗaya ta yi wani shuu da ake yankawa ya tsaya a madadin ganga, ta biyar kuma ta kunna ɗan guntun sautin da aka naɗa. Da waɗannan Koji Kondo ya tsara kiɗan Super Mario Bros. a 1985, kiɗan da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar cikin kundinsa na sautukan tarihi a 2023, karo na farko da kiɗan gem ya sami shiga. Akwai abu ɗaya da na saba gwada na'ura da shi. Idan Mario ya yi tsalle ko ya ɗauki kwabo, ƙarar tsallen tana aron ɗaya daga muryoyin kiɗan, sai wani sashe na waƙar ya ɓace na ɗan lokaci ya dawo. Na'urar ta fitar da wannan daidai, har na kira ɗana ya zo ya ji, na kwanta ina ganin kuɗina bai tafi a banza ba.

Ya kamata mai saye ya san cewa a waɗannan tsofaffin kaset babu waƙar da aka naɗa kamar yadda ake naɗa ta a faifai. Umarni ne kawai a rubuce, cewa murya kaza ta fitar da amo kaza na tsawon kaza, ayisin kuma shi ne makaɗin da ke bugawa nan take. Na'urar da na saya ba ta da ko ɗaya daga waɗannan ayisi, manhaja ce a cikinta take kwaikwayon kowannensu, saboda haka ingancin kiɗan ya rataya ne a kan ƙwarewar mai kwaikwayon da ƙarfin na'urar.

Washegari da daddare na buɗe Sonic the Hedgehog na na'urar Mega Drive ta kamfanin Sega, gem ɗin da na fi kashe wa kuɗi ina yaro. Da kiɗan matakin farko ya tashi sai na ji gabana ya faɗi, domin gudu yake yi kamar ana korar makaɗan. Wannan kiɗa ne da na sani kamar yunwar cikina, na san inda yake numfasawa da inda kaurin yake jan ƙafa, amma ga shi yana wucewa kafin kunne ya kama shi. Na kashe na sake kunnawa, na gwada kwafi uku na gem ɗin da ke cikin memorin, duk abu ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa barci da wuri. Da safe na nufi shagon da na'urar a aljihu, na ce wa mai shagon, "Malam, kiɗan gem ɗin nan gudu yake yi, ba haka yake ba." Ya karɓa ya kara a kunne na ɗan lokaci, ya miƙo mini, ya ce, "Alhaji, ai Sonic ne, dama gudu ne aikinsa." Amsar ta ƙara fusata ni, domin ta nuna mini cewa mutumin bai taɓa sauraron abin da yake sayarwa ba, kuma na fito da niyyar in hana duk wanda na sani sayen wannan kaya.

Yayana ne ya warware mini matsalar, shi da ya yi shekaru yana gyaran talabijin kafin ya koma harkar sola. Na kai masa ƙara bayan sallar isha'i, ya saurara, ya tambaye ni a wace irin talabijin nake buga gem ɗin a da. Daga nan ya bayyana mini cewa talabijin ɗin Najeriya na wancan lokaci, kamar na Ingila da mafi yawan Turai, a kan tsarin PAL suke, wanda ke sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, alhali na Japan da Amurka a kan NTSC suke, sau 60 a daƙiƙa. Yawancin gem na wancan lokaci da wannan bugun suke ƙirga lokaci, har da lokacin kiɗa. Sonic na farko, wanda ya fito a 1991 da kiɗan Masato Nakamura, an kawo shi ƙasashen PAL ba tare da an daidaita shi ba, don haka komai nasa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ya ce mini, "Kai ne ka tashi da mai jan ƙafa. Wannan da kake ƙorafi a kansa shi ne yadda mai kiɗan ya tsara abinsa." Muka shiga saitin na'urar, muka sami wurin zaɓen yanki, muka mayar da shi Turai, na sake kunnawa.

Abin da ya fito daga 'yar lasifikar nan shi ne kiɗan shagon unguwarmu, da nauyinsa da jan ƙafarsa, ba ragi ba ƙari. Na yi shiru na tsawon lokaci. Na tuna bencin katako da fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da sanda, na tuna yadda muke yin jugum idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar mataki, da abokan da muka zauna tare a bencin, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Shekara talatin ina riƙe da kiɗa a kaina ban san cewa yaran Tokyo da na Amurka wani gudun suka ji ba. Na'urar da na tafi mayarwa da safe ita ce ta ba ni damar jin duka biyun a jere, kuma a wannan dare da an tambaye ni da na ce kowa ya je ya saya. Har yanzu ina ganin wannan saiti na zaɓen yanki shi ne mafi daraja a cikinta, kuma abin takaici ne a ce babu takarda ko mai shago da ya ambace shi.

Murnar ba ta kai kwana biyu ba. Na buɗe Streets of Rage 2 na 1992, wanda wasunmu suka sani da sunansa na Japan, Bare Knuckle II, kuma a ganina babu gem a Mega Drive da kiɗansa ya kama ƙafar wannan. Yuzo Koshiro ne ya tsara mafi yawansa, ya ɗauko salon kiɗan rawa na zamanin ya matse shi cikin ayisin YM2612, mai muryoyi shida, na kamfanin Yamaha, wanda masu situdiyo a Kano suka daɗe da sanin fiyanonsa. Wannan ayisi yana gina amo ne ta hanyar sa wani kaɗawar sauti ya lanƙwasa wani, dabarar da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford, kuma ƙaramin kuskure a lissafin yakan canza launin amon gaba ɗaya. Abin da ya faru ke nan a na'urata. Kaurin da ya kamata ya daki ƙirji sai ya fito a fashe kamar lasifikar da ta yage, gangar ta koma kamar ana dukan gwangwani, wasu muryoyin kuma suka kauce daga karin har kunne ya ƙi karɓa. Na zaci laifin 'yar lasifikar ne, na sa iyafis mai kyau, sai na tarar da wani sabon abu, wato shuu da ke gudana ƙarƙashin komai ko da gem ɗin ya yi shiru, kuma yana ƙaruwa idan na'urar tana caji. A nan babu batun PAL ko NTSC, na gwada duka biyun. Kwaikwayon ne bai kai ba.

Super Famicom ma haka. Wannan na'ura da Nintendo ta fitar a 1990 ta zo da sabon salo, domin ayisinta, wanda Ken Kutaragi na Sony ya jagoranci ƙerawa kafin ya kai ga PlayStation, yana amfani da guntayen sautin kayan kiɗa na gaske a muryoyi takwas, duk a cikin ma'adanar da ba ta wuce kilobayit 64 ba. Abin da David Wise ya yi da wannan ɗan wuri a matakin ƙarƙashin ruwa na Donkey Kong Country a 1994 yana cikin mafi sanyin kiɗan da na taɓa ji, kuma rayuwarsa duka tana cikin amsa-kuwwa da jan amo a hankali. A na'urata kiɗan yana sarƙewa duk bayan 'yan daƙiƙu, kamar kaset ɗin rediyo da zarensa ya fara cinyewa. Hoton kuwa lafiya lau yake tafiya, kuma na fahimci cewa waɗanda suka haɗa na'urar sun zaɓi su ceci hoto su bar sauti ya ji jiki.

Abin da ya ƙarasa ɓata mini rai shi ne ɓangaren PlayStation. Da PlayStation ta shigo da faifan CD a 1994, masu gem ɗinta sun sami damar naɗa kiɗa a situdiyo su ɗora shi a faifai kamar kowace waƙa, har ma Ridge Racer yakan loda kansa gaba ɗaya, mutum ya cire faifan ya sa nasa na waƙa ya ci gaba da tsere. Na buɗe Ridge Racer a na'urata, mota ta tashi, injin yana ƙara, tayoyi suna kuka a kwana, amma babu kiɗa ko ɗis. Na buɗe Tomb Raider na 1996, shi ma kiɗan Nathan McCree da ke tarbar mutum tun daga allon farko babu shi. Final Fantasy VII kuwa kiɗansa ya fito cikakke, kuma wannan ne ya tona asirin abin da aka yi, domin Nobuo Uematsu bai naɗa kiɗan wannan gem na 1997 a matsayin waƙoƙin faifai ba, ya bar ayisin PlayStation ne yana bugawa daga umarni kamar a zamanin kaset. Ma'ana, wanda ya loda memorin ya yanke duk waƙoƙin da aka naɗa a faifai don ya sami wurin cusa ƙarin gem, adadin da ke jikin kwali ya yi yawa. Wannan ba gazawar na'ura ba ce, ha'inci ne. An cire aikin mutanen da suka zauna suka tsara kiɗa, aka sayar mini da ragowar a matsayin cikakken kaya, kuma da yawa daga dubban gem ɗin da aka cika wurin da su maimaici ne da sunaye daban-daban.

Na koma shagon karo na biyu, na fara da ba mai shagon haƙuri a kan batun Sonic tunda ni ne ban fahimta ba, sannan na kunna masa Ridge Racer na ce ya nuna mini inda kiɗan yake. Ya ce, "Alhaji, wallahi kai ne mutum na farko da ya taɓa kawo ƙarar kiɗa, kowa hoto yake dubawa." Na yarda gaskiya ya faɗa, amma hakan bai mayar mini da abin da na biya ba. Ya ce kaya ba ya dawowa bayan an buɗe kwali.

Wanda yake son Mario da Tetris da sauran gem na Famicom da Game Boy don yara su yi wasa a gida, na'urar za ta wadatar da shi, kuma ɗana yana jin daɗinta kullum bayan Islamiyya. Wanda kuwa yake neman kiɗan Mega Drive da na Super Famicom kamar yadda ya san su, ina ba shi shawara ya tafi shago da iyafis ɗinsa, ya buɗe Streets of Rage 2 da Donkey Kong Country da Ridge Racer a gaban mai shagon, ya saurari kowanne na minti biyu kafin ya ciro kuɗi. Ni da na yi haka da ban saya ba, duk da cewa daren da muka mayar da saitin Turai ni da Yaya yana hana ni cewa na yi asara gaba ɗaya. Mai shagon ya yi alkawarin zai sa a kawo mini wani memori mai cikakkun faifai daga Legas cikin mako guda, ni kuma in cika kuɗin bambanci. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, na kira sau biyu ana cewa kaya na hanya, kuma Ridge Racer yana nan yadda yake, babu abin da ke fita sai ƙarar inji.