Tanderun lantarki na narkar da zinare: da azurfa ya yi mini aiki, da dutse ya mutu a hannuna

Wata biyar ke nan da na sayi wannan ɗan tanderu, irin mai cin kilo biyu da ake cewa zafinsa na kaiwa digiri 1,150, kuma sai yau na ji zan iya rubutu a kansa ba tare da ɓacin rai ya rinjaye ni ba. Ni ba maƙeri ba ne. Ina da shagon kayan waya a Agege, narkar da ƙarfe sha'awa ce da na taso da ita tun ina yaro a Gusau, ina tsayawa kallon maƙeran fari har a zo a kira ni cin abinci.

Ranar farko na ji daɗinsa ƙwarai, kuma ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Na tara karyayyun zobban azurfa da wata tsohuwar sarƙar uwargida da ta tsinke, na zuba a 'yar tukunyar girafait (baƙin abin nan irin na bakin fensir) da ta zo da shi. Azurfa tana narkewa a digiri 962, sai na saita shi ya ɗan haura dubu. Kafin awa ɗaya na ɗaga murfi na ga ta zama ruwa tana sheƙi kamar madubi. Na ɗumama mazubin tukuna, domin ko ɗigon damshi ya rage a ciki narkakken ƙarfe zai yi tsartuwa ya ƙone mutum, sannan na kama da awartaki na zuba. Ta fito sumul. Na kwana biyu ina yawo da ita a aljihu ina nuna wa abokai a masallaci. Da a makon ne na yi wannan sharhi, da cewa zan yi kowa ya je ya saya.

Matsalar wuta kun san ta. Wat 1,500 yake ja, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ƙarfen yana daskarewa a cikin tukunya. Wannan ba laifin tanderu ba ne.

Amma ni ba don zobba na saye shi ba. Ƙanena ya taɓa zuwa mini da ɗan buhun dutse daga gida, fari mai jijiyoyi masu ƙyalli, ya ce daga wajen masu haƙa ya karɓo. Burina in ga ko da ƙwayar gero ce ta zinare ta fito daga dutsen da hannuna. Kafin in biya kuɗi sai da na tambayi mai shagon har sau biyu, ta bakin wani yaro Bahaushe da ke masa aiki. Na ce, "Ƙanena, ka gaya wa maigidanka dutse nake son narkarwa, ba sarƙa ba." Ya dawo ya ce, "Yallabai, ya ce ba abin da ba ya narkarwa, ka daka shi kawai ka zuba boras da soda." Boras da soda wasu fararen sinadarai ne da ake zubawa don su taimaka wajen narkewa. A kan wannan magana tasa na saya.

Wata Asabar da yamma na daka kamar giram 200 na dutsen har ya yi laushi, na gauraya da boras da soda kamar yadda aka ce, na cika tukunya kusan baki. Da zafi ya hau sai wani wari ya tashi, irin na ashana in an ƙyasta, mai shaƙe maƙogwaro. Kafin in gane me ke faruwa haɗin ya kumbura ya yi kumfa kamar madara a kan wuta, ya tumbatsa ta gefen tukunya ya gangara cikin tanderun. Na ji wani ƙas, lambobin da ke fuskarsa suka fara sauka. Na kashe, na jira har gari ya waye. Abin da na tarar ya ɗaga mini hankali: haɗin ya daskare ya zama baƙin gilashi, ya manne tukunyar da gindin tanderu, ya cinye farin bangon ciki, wayar da ke ba da zafi ta tsinke. Kwana goma sha tara ke nan da sayensa.

Na ɗauki abin na kai wa wani dattijo maƙerin fari da ke unguwarmu, wanda ya haura shekara talatin yana aikin zinare a Legas. Ya juya shi, ya farfasa baƙin gilashin, ya ce, "Ɗana, wannan kashin maƙera ne kawai. Wanda ya sayar maka bai san aikin ba, ko kuma ya sani ya ɓoye maka." Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya kamata a yi mini a shago. Irin wannan tanderu na narkar da tsabtataccen ƙarfe ne. Soda in ta haɗu da garin dutse tana fitar da iska, shi ya sa take kumfa, kuma masu yi ba sa cika tukunya ko rabi, a tukunyar yumɓu suke yi a kan wutar gas. Ƙyallin da ya ruɗe ni kuma ba zinare ba ne, ƙarfe ne haɗe da farar wuta, shi ne warin da na shaƙa. Ya ƙwanƙwasa wani ɓarin ya ruguje, ya ce da zinare ne da sai dai ya baje.

Sannan ya yi mini lissafin da ya sanyaya mini jiki. Dutsen da ke da giram goma na zinare a kowane tan ana ganinsa mai albarka. A giram 200 da na daka, miligiram biyu ke nan, abin da ido zai gani da ƙyar. Don a tattaro shi daga cikin narkakken dutse, masu gwaji suna sa dalma ta kwashe zinaren da azurfar ta nutse da su ƙasa, daga baya a ƙone dalmar a wani ɗan kasko na tokar ƙashi har ɗan ɗigon ya rage.

A nan ne fushina ya tashi sabo, domin da na koma shagon da gawar tanderun, mutumin bai ko taɓa shi ba. Ya ce garantinsu bai shafi abin da ya zube a ciki ba. Na ce ai kai ka ce in zuba. Sai ya ce kuskurena shi ne ban sa dalma ba, in sayi wani sabo zai haɗa ni da mai sayar da ita, in yi a bayan gida. Ni ɗan Zamfara ake gaya wa haka! A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda dutsen zinare mai ɗauke da dalma da ake dakawa a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Gidan haya nake, tsakar gida ɗaya da iyalai shida, yaran maƙwabta suna wasa a daidai inda na daka dutsen nan. Da na tuna haka sai na ji kuɗin tanderun ma ba su ne damuwata ba. Ranar da kaina na wanke tsakar gidan da ruwa, na jefar da turmin ƙarfen da tabarmar da na shimfiɗa, daga baya na kai 'ya'yana biyu gwajin jini. Alhamdu lillahi sakamakon ya fito lafiya, amma kwana huɗun da na yi ina jira ban yi barcin kirki ba.

Da farko na so in ce tanderun yana da kyau, mai sayarwa ne matsala. Yanzu ban yarda da hakan gaba ɗaya ba. 'Yar takardar da ke cikin kwalin ba ta ce uffan a kan dutse ko kumfa ba, kuma wayar zafin na duba wurare uku ban samu irinta ba. Mai gyara ya ce sai an yi odarta daga Chana. In zobba da tsofaffin sarƙoƙi za ka narkar, zai yi maka aiki. In dutse ne a hannunka, kada ka kusance shi, kuma kada ka daka komai a gidan da yara suke.

Sauran dutsen yana ɗaure cikin leda biyu a saman shagona. Baba maƙeri ya ce in bari sai ya samo mini inda ake gwaji na gaskiya, in ba su giram 50 su duba.