Gwajin AQ na intanet, na cika shi kuma ga ra'ayina

Wata abokiyar aikina a nan Manchesta ce ta turo min gwajin AQ ta WhatsApp, wato tambayoyin auna alamomin otizim. Ita mai sauya jinsi ce, sai da ta haura shekara 30 kafin likita ya tabbatar mata tana da otizim, wanda a gida wasu ke ce wa galahanga. Ta lura duk sanda aka kunna injin share ƙura a gidan tsofaffin da muke aiki sai in toshe kunne in fice, shi ne ta ce 'yar'uwa don Allah ki gwada wannan.

Kyauta ne, tambaya 50, minti goma na gama. Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa na jami'ar Kambrij suka fito da shi a 2001, kuma daga maki 32 zuwa sama ake cewa mutum na da alamomi sosai. Ni 36 na samu. Wallahi wasu tambayoyin kamar an leƙa cikina aka rubuta, wai kina jin ƙananan sautin da wasu ba sa ji, wai in kina waya ba ki gane sanda ya kamata ki yi magana, ni da tun ina yarinya ake ce min miskila, gaisuwa a waya da dangi kuwa sai na tsara ta a raina kafin in kira.

Inda ya gaza shi ne rayuwar Bature aka auna. Ana tambaya laburare kika fi so ko fati, to mu biki da suna ai ba zaɓi ba ne, dole ki je ki zauna ki yi fara'a ko kanki na sarawa, me zan amsa? Sannan ba ganin likita ba ne, hanya kawai yake nunawa.

Abokiyar aikin tawa ta ce a cikin irinsu masu sauya jinsi otizim ya yi yawa, kuma haka ne, binciken Kambrij na 2020 kan mutum sama da 600,000 ya nuna masu sauya jinsi da waɗanda ba sa ɗaukar kansu mace ko namiji sun ninka sauran mutane sau 3 zuwa 6 wajen samun otizim. Ta sha wahala kafin a saurare ta, komai ta faɗa sai a jingina shi da batun jinsinta, abin ya taɓa min zuciya sosai.

Na buga sakamakona a takarda, ranar Talata zan kai wa likitan unguwarmu, ta ce za ta raka ni.