Kifin roba mai laushi ko mai tauri

Malam, ka ce wanne za ka fara saya don kamu a mashigan da ruwan teku ke shiga yana fita, kifin roba mai laushi ko mai taurin nan mai ƙugiyoyi uku-uku. Mai laushin za ka saya.

Shi ne a jakata shekara da shekaru. Ranar da ya shiga raina ina tsaye ne a bakin wani ɗan rafi ruwa ya fara janyewa, ka san a mafi yawan wurare kusan awa 6 yake yi yana hawa, kusan awa 6 yana sauka, to a saukar nan ne yake kwaso jatan lande da ƙananan kifaye daga cikin saiwoyi ya fito da su, manyan kuma sun laɓe a bakin hanya suna jira. Na sa roba mai inci 3 a ƙugiya mai kan dalma giram 7, na jefa ta can sama da inda ruwan ke gangarowa, na bari ta nutse har zare ya saki, na ɗan fizga sau biyu na sake ƙyale ta. Tana cikin faɗuwa naji ƙut a hannuna, wallahi har yau ban manta bugun nan ba. Uku na kama a wurin kafin ruwa ya tsaya, da ya tsaya kuwa shiru kake ji kamar ba kifi a ciki.

Abin da yasa nake sonta, kai ne mai iko da zurfi. Ruwa yayi ƙarfi ka canza dalma zuwa giram 14, ya lafa ka rage, robar dai ita ce. In wurin saiwa ne da reshe sai ka ɓoye bakin ƙugiyar a jikin robar ta ratsa ta wuce bata maƙale ba, kuma dama can cikin sarƙaƙiyar manyan suke. Ƙugiya ɗaya ce, cire ta daga bakin kifi ba wuya. Aibinta ɗaya, kifi mai haƙori irin barakuda yana guntule mata wutsiya, don haka ka riƙe da yawa. Kuma irin mai miƙewar nan ta kamfanin Z-Man kar ka haɗa ta akwati ɗaya da sauran roba, narkewa suke yi su manne, ka bar ta a ledarta.

Mai tauri kuwa yana kamawa da asuba in ruwa ya kwanta, ba zan musa ba, amma nawa jifa na uku ya kama saiwa, can na baro shi.

Ko wanne ka ɗauka ka ɗaura kamar mita 1 na zaren fulorokabon, wato zaren roba garai-garai mai jure gogayya, mai ƙarfin fam 20 a gaban zarenka na saƙa, don ɓawon kawa yana yanke zaren saƙa kamar reza.

Sai kuma masu sayarwa, don Allah ka buɗe ido. Jabun kifin roba mai tauri na kamfanin Rapala sun cika ko'ina, kwali mai kyau suna a jiki, amma ka ja shi a ruwa sai ya kwanta gefe yana juyi, ƙugiyar kuma fita ɗaya tayi tsatsa ko ta miƙe in kifi ya ja. Haka zare, wani ya taɓa sayar min da wanda aka rubuta fam 30 a jiki, da hannu na tsinke shi. Kafin ka biya ka danna ƙugiyar da yatsa ka gani ko zata buɗe, in ya hana ka taɓawa ka ajiye masa kayansa.

Ka sayi leda biyu na mai laushi, ɗaya fara ɗaya mai duhu saboda ranar da ruwa ya gurɓace, da kan dalma giram 7 da 14. In ka dawo ka ɗauraye komai da ruwan daɗi ka shanya kafin ka rufe akwati.