Hamar sajewa da alƙalamin bugu: wanne ya dace da wane aiki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hamar sajewa za ta iya maye maka gurbin alƙalamin bugu a gyaran lotsawar mota ba tare da taɓa fenti ba, tunda ka ga ƙwararru suna ta ƙwanƙwasa bodi da hama kai tsaye, lotsawa tana ɓacewa. A taƙaice, a'a. Duka biyun bugu ne daga waje, amma ba abu ɗaya suke yi wa ƙarfe ba.

Idan ƙofa ta lotsa, ƙarfen da ya shige ciki yakan turo na gefensa waje, sai ɗan tudu ya zagaye kwarin. A wannan tudun ne ƙarfe ya ɗaure, kuma muddin ba a sassauta shi ba, duk turin da za ka yi daga baya da sandar ƙarfe, kwarin zai riƙa gardama. Alƙalamin bugu, wato ɗan abin nan mai baki na roba ko na ƙarfe da ake ɗorawa a bugi kansa, an yi shi ne don wannan. Kai ne za ka aza bakinsa daidai kan ƙololuwar tudun, ka tabbatar a cikin hasken fitilar aiki, wadda layinta a kan fenti ke nuna tudu da kwari, sannan ka buga. Ƙarfin bugun yana sauka a wuri ɗaya tak. Haka kuma idan ka yi turi ya wuce kima, wani ɗan ƙurji ya fito a fenti, shi ne zai mayar maka da shi.

Ita kuwa hamar sajewa mara nauyi ce, mai doguwar ƙota mai ɗan lanƙwasa, bakinta a goge yake sumul, wani na taitaniyam, wani na ƙarfe, wani na roba mai tauri. Ba a yi ta don kashe tudu ɗaya ba. Bugu ne ƙanana masu yawa, a jere, ana zagaya wurin ana faɗaɗawa, har iyakar da ke tsakanin inda aka gyara da inda ba a taɓa ba ta narke. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa: sau tari hamar ba ta ɗago kwarin gaba ɗaya ba, sauke kewayensa ta yi kaɗan-kaɗan, ta baje ɗan abin da ya rage a fili mai faɗi. Ido yana kama karyewar haske ta farat ɗaya, ba ya kama gangara mai laushi. Girgizar bugun takan saki ƙarfen da ya ɗaure, har tsakiyar ta ɗan taso da kanta, amma kada ka dogara da hakan a lotsawa mai zurfi ko mai kaifin tsakiya.

Tsawon ƙotar ma ba ado ba ne. Da alƙalami, hannayenka biyu a cike suke, kanka kuma kusa da bodi, don haka ƙaramin wuri kake gani, amma kana ganinsa sosai. Da hama kuwa, kana ja da baya tsawon hannu, ka sunkuyar da ido kusan daidai da shimfiɗar fanel, wato fallen jikin motar, ka ga yadda layin fitila ke tafiya a faɗin ƙofar duka. Daga wannan nisan ne mai mota zai tsaya ya duba aikinka.

Inda hamar ta fi cin kasuwa shi ne wuraren da sanda ba ta shiga ta baya, musamman dogon gefen rufi da ke saman ƙofofi, inda ƙarfe ninki-ninki yake. Can sai dai jan gam: ka manna ɗan maɓallin roba, ka ja, ka goge gam da barasar gogewa. Jan gam kuwa ba ya ɗagowa daidai, yakan bar wani gefen sama, wani ƙasa. Tudun da ya fito fili, alƙalami ne maganinsa. Ɗan rawar hasken da ya rage bayan haka, sai hama. Haka abin yake a motar da ƙanƙara ta yi wa ruwan duka, inda ƙananan lotsawa ke maƙwabtaka da juna.

Ta fuskar haɗari, tazarar tana da yawa. Fanel ɗin ƙarfe na motocin zamani bai cika wuce milimita 0.7 zuwa 0.8 ba, fentin kamfani kuma duka-duka bai fi kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba. Kuskuren alƙalami rami ɗaya ne, kana ganinsa nan take. Kuskuren hama kuwa, idan bakinta ya sauka a karkace, ɗan tabo ne kamar na farce, kuma kafin ka ankara ka jera ashirin. Ƙwayar yashi ɗaya a bakin hama ta isa ta zane fenti, shi ya sa ake goge baki da bodi kafin a fara. A lokacin sanyi a ɗumama fanel tukuna, don fenti mai sanyi yana saurin tsagewa. Idan kuwa an taɓa cike wurin da fila, wato ƙullin da ake shafe lotsawa da shi, aka yi sabon fenti, ni dai ba na kai hama can.

Alminiyam, irin bodin Ford F-150 tun daga samfurin 2015, nasa halin daban ne. Ba ya son komawa yadda yake kamar ƙarfe, kuma yawan bugu yana ƙara masa tauri, don haka dogon ƙwanƙwasa da hama na iya daskarar da wurin kafin ka gama. Ɗora mayen ƙarfe ka gani tun farko: in bai kama ba, rage yawan bugu, ƙara ɗumi.

Tunda ka ce yanzu kake koyo, fara da alƙalami har sai idonka ya iya bambance tudu da kwari a layin fitila ba tare da tunani ba. Sannan ka samo tsohon bonet, ka ɗiga ɗigo-ɗigo da biron maka, ka riƙa bugun kowane ɗigo da hama daga wuyan hannu, ba daga kafaɗa ba, kana kallon inuwar bakin hamar a fenti: inda hama da inuwarta suka haɗu, nan bugun zai sauka. Fara da baki mai faɗi na roba; mai tsini na ƙarfe ya jira sai ɗigon ya daina kuɓuce maka.