Shutterstock ko Adobe Stock: Ina Mai Hoton Kano Zai Kai Hajarsa?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: kana ɗaukar hotunan biki da suna a cikin gari, kana da kyamara da kwamfuta, kuma ka ji ana zuba hotuna a intanet su riƙa kawo dala ko mutum yana barci, to tsakanin shafukan sayar da hotuna na Shutterstock da Adobe Stock wanne za ka kama? Amsar a taƙaice ita ce ka buɗe duka biyun, domin babu wanda ya hana ka kai hoto ɗaya wa ɗan'uwansa. Amma ba kaya iri ɗaya kowannensu yake karɓa ba, kuma a nan ne mai hoton Kano yake cin riba ko ya yi asarar data.

Da farko ka san abin da ake sayarwa. Hoton yana nan a matsayin naka. Abin da mai saye yake biya shi ne izinin amfani da shi a talla, ko jarida, ko littafi, ko shafin kamfani. Shi ya sa hoto ɗaya zai iya sayuwa sau ɗari, kuma shi ya sa kuɗin kowane ciniki ƙanƙane ne.

Ta fuskar rabon kuɗi, Adobe Stock ya fi sauƙin lissafi: kashi 33 cikin ɗari a hoto da zane, kashi 35 a bidiyo, ko yau ka fara ko ka shekara goma. Shutterstock kuwa tun 2020 ya koma tsarin matakala. A hoto kana farawa da kashi 15 har masu saye su sauke hotunanka sau 100, sai kashi 20 har sau 250, kashi 25 har sau 500, kashi 30 har sau 2,500, kashi 35 har sau 25,000, sannan kashi 40 ga wanda ya haura 25,000 a shekara. Abin da ke ƙona ran masu hoto shi ne ranar 1 ga Janairu kowa yana komawa kan kashi 15, a sake hawa daga ƙasa. Ciniki mafi ƙanƙanta a can santi 10 ne, kuma sabon shiga zai riƙa ganinsa da yawa. Kowannensu sai kuɗinka ya kai dala 25 kafin ka cira. Yi lissafi: idan duk cinikinka na santi 10 ne, sai an sauke hotonka sau 250 kafin ka taɓa kuɗin farko. A Adobe ciniki ɗaya yakan faɗo tsakanin sulusin dala da kusan dala guda, don haka ko da masu sayen ba su kai na can yawa ba, kwanon yakan fi saurin cika. In kuɗin kowane hoto kaɗai za a duba, Adobe ya yi gaba.

Sai dai ba a nan maganar ta ƙare ba. Kasuwar ta rabu gida biyu: hoton talla da hoton labari. Hoton talla shi ne wanda banki ko kamfanin waya zai manna a allonsa. Duk mutumin da za a iya gane shi a ciki dole ya sa hannu a takardar amincewa, wadda a shafukan suke kira model release, kuma kada a ga tambarin kowane kamfani. Hoton labari, wanda suke rubuta wa editorial, shi ne na jaridu da littattafan makaranta. Ba ya buƙatar sa hannun kowa, amma ba a yin talla da shi, ba a kuma goge wani abu ko a ƙara a cikinsa. Shutterstock yana karɓar irin wannan daga kowa. Adobe ba ya karɓar hoton mutanen titi marasa takarda daga talakan mai zubawa. Ɗan abin da ya buɗe shi ne hoton kayan kamfani da tambarinsu ba tare da fuskar mutum ba, shi ma sai ga wanda ya riga ya yi ciniki 100.

Yanzu dubi abin da Kano take da shi wanda mai hoto a Landan ba zai taɓa samu ba. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, da mahaya cikin rawani da alkyabba, ga shi hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Marinar Ƙofar Mata da masu bugu. Lungunan Kasuwar Kurmi, dilolin atamfa a Kantin Kwari, buhunan hatsi a Dawanau, kwandunan tumatir a 'Yan Kaba, cunkoson Adaidaita Sahu da yamma. Duk waɗannan cike suke da fuskoki da lambobin mota da allunan talla. Ba za ka bi mahaya ɗari biyu da takarda da biro ba. Irin wannan kaya Shutterstock za ka kai shi a matsayin labari, ka rubuta bayaninsa yadda suke so: gari, ƙasa, rana da wata da shekara, sannan abin da ke faruwa. In ka tura shi Adobe a matsayin talla, za a dawo maka da shi, datarka ta tafi a banza. Alamy, wani shafin sayar da hotuna na Ingila, shi ma gida ne mai kyau ga hoton labari. Cinikinsa jefi-jefi ne, amma idan ya zo yakan fi tsoka.

Abin da ya dace da Adobe, kuma yake sayuwa a duka biyun, shi ne wanda ka tsara da kanka. Abinci ba ya neman takarda: gurasa bandashe a faranti, masa da miyar taushe, kilishi, ɗanwake, fura da nono a ƙwarya, zoɓo cikin kofin gilashi, dabino da ruwa na buɗa-baki. Haka zanen bangon gidan ƙasa, rinannen yadi mai shuɗin baba, jakunkunan fata, garin da aka hango daga kan Dutsen Dala. Amma inda kuɗi ya fi kwanciya shi ne mutane suna aikin yau da kullum: mai shago yana karɓar kuɗi da na'urar POS, ɗaliba da hijabi a gaban kwamfuta, mai gyaran waya, tela a kan keke, manomin shinkafa a Kura, magidanci da iyalinsa a kan tabarma. Kamfanoni da ƙungiyoyin da ke aiki a Arewa suna neman fuskokin da suka yi kama da mutanen da suke yi wa magana, kuma irin waɗannan hotuna masu takarda ba su da yawa. Mutum biyar daga cikin 'yan'uwanka da abokanka da suka yarda suka sa hannu sun fi maka hoton faɗuwar rana dubu, domin faɗuwar rana duniya ta cika da ita.

A kan takardar nan akwai amana, kuma ba abin wasa ba ne. Da Turanci aka rubuta ta, to ka fassara wa mutum da Hausa, ka gaya masa gaskiya cewa fuskarsa za ta iya fitowa a tallar banki, ko ta magani, ko ta wani abin da ba kai ka zaɓa ba, kuma wanda ya riga ya saya ba a karɓewa daga hannunsa ko ka cire hoton daga baya. Mace baliga ita za ta sa hannunta, amma ka san garinmu. A yi maganar a gida tukuna, kada hoto ya jawo wa aure rigima. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 sai mahaifi ko mai riƙonsa ya sa hannu, saboda haka almajirin da ka gani a titi ba kayan talla ba ne. Hotunan amare da ka ɗauka a wurin aiki kuwa kada ka kuskura ka zuba su. An biya ka ne ka ɗauka musu, ba ka sayar wa duniya ba.

Ta wajen tantancewa kusan halinsu ɗaya. Duka suna son JPEG da bai gaza megafiksel 4 ba, don haka ko waya mai kyau tana shiga idan haske ya wadata. Dalilan da ake mayar da hoto su ne dai waɗannan: ka buɗe shi ɗari bisa ɗari a kwamfuta ka ga idon mutum bai fito tar ba, ko ƙura-ƙuran da ke fitowa idan ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a ɗaki mai duhu, ko ka tura hoto goma na abu ɗaya da bambancin taku guda. A lokacin hunturu ƙura tana shiga cikin kyamara duk sanda ka canja gilashi a waje, sai ta bar ɗigo-ɗigo a sararin sama. Ka duba ka goge kafin turawa. Tambari kuma yana ɓuya inda ba ka zata ba: laimar mai sayar da kati, kwalin taliya a kan kanta, gaban hular yaro, bayan waya. Bambanci ɗaya da ya kamata ka sani: Adobe yana karɓar hoton da aka ƙirƙira da fasahar AI muddin ka bayyana, Shutterstock ba ya karɓa daga masu zubawa. Wannan ya sa gasa ta yi tsanani a Adobe kan hoton da kowa zai iya ƙirƙira, ya kuma ƙara wa hoton wuri na gaskiya daraja.

Kalmomin nema su ne ƙofar shagonka. Shutterstock yana karɓar 7 zuwa 50, Adobe har 49, amma a Adobe goman farko su ne masu nauyi, don haka kada ka bari su jeru yadda suka ga dama. Da Turanci za ka rubuta, domin da shi mai saye yake nema, sannan ka ƙara sunan Hausa: wanda ke neman kilishi zai iya rubuta kilishi, zai iya kuma rubuta dried beef. Ka sa Kano, Nigeria, Hausa, West Africa a inda suka dace. Ka rubuta take da kalmomin a jikin fayil ɗin tun daga manhajar Lightroom ko Bridge, kowane shafi zai karanto su da kansa, ba sai ka maimaita aiki ba.

Bidiyo fa? Ciniki ɗaya na bidiyo yakan fi na hoto nesa ba kusa ba, amma ba ya zuwa da yawa kuma yana cin data. Duka biyun suna son gajere, daƙiƙa 5 zuwa 60. 10 zuwa 20 ya isa. Idan kyamararka tana ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa, daƙiƙa 20 kaɗai megabait 250 ne, wato nauyin hoto ashirin ko fiye, kuma in netiwok ya yanke a tsakiya sai ka sake. Ka ɗora kyamara a kan ƙafarta, hannu yana rawa. A ƙarƙashin ƙwan lantarki ka ɗauka a firam 25 a daƙiƙa da saurin shata 1/50, domin wutarmu mai zagaye 50 ce. In ka bar ta a 30 ko 60 za ka ga haske yana ƙyaftawa, kuma za a mayar. Jirgi marar matuƙi kuwa yana buƙatar izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro; kada ka tashe shi a kan fada ko kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano. Shawara ita ce duk inda ka riga ka tsara mutane da haske don hoto, ka ƙara ɗaukar bidiyo uku ko huɗu a wurin.

Wajen karɓar kuɗi, Payoneer, kafar karɓar kuɗi daga ƙasashen waje ta intanet, ita ce hanyar da ta fi sauƙi daga nan, daga ita ka tura asusun bankinka. Sunan da ke shafin, da na Payoneer, da na katin shaidarka su zama ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can yana iya riƙe maka kuɗi. Shutterstock yana turowa da kansa wata-wata idan ka kai adadin, Adobe kuwa kai za ka nema, kuma cirar farko sai an yi kwana 45 da cinikinka na farko. Ka cike fom ɗin harajin Amurka na W-8BEN tun ranar da ka buɗe. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka za a cire kashi 30 daga cinikin da mai sayensa yake Amurka. Santi 10 ɗin nan ya koma 7 ke nan. In ba ka cike ba, cirewar tana iya hawa kan cinikinka duka.

Akwai kuma shafin iStock na kamfanin Getty, wanda yake ba wanda bai keɓe masa kayansa ba kashi 15 a hoto, 20 a bidiyo, kuma sai dala 100 ake cira. Ka bar shi sai hotunanka sun taru. Kada kuma ka sa hannu a kan keɓewa ga kamfani ɗaya tun kana sabo.

Maganar samun kuɗi kana barci kuwa, da hoto hamsin ba za ka ga komai ba sai santi nan da can. Sai kayan sun kai ɗaruruwa, an yi watanni ana ƙarawa, sannan ciniki yake zama na kullum, saboda haka kada ka saki aikin biki. Ka ware yini ɗaya a mako, ka fitar da hoto 20 zuwa 30 masu bambanci da juna. Masu talla suna sayen kayan azumi da Sallah tun kafin lokacin, don haka hotunan buɗa-baki da na ragon layya su kasance a shafi wata biyu ko uku kafin a ga wata. Wanda ka ɗauka ranar Sallar bana, na baɗi ne.