Archi da coArchi: tara taswirar kamfani a rumbu ɗaya

Kamfanin da ke son zana tsarin ayyukansa, manhajojinsa da na'urorinsa wuri guda ba tare da biyan lasisi ba, sau da yawa kan Archi yake tsayawa. Manhaja ce ta kyauta da Phil Beauvoir ya fara fitarwa a 2010, tana zane da ArchiMate, harshen zana tsarin kamfani na ƙungiyar The Open Group, a Windows, Mac da Linux. Ita kaɗai, fayil ɗaya take ajiye wa mutum ɗaya. Sai an ɗora mata coArchi, wata ƙaramar manhaja da ake ƙara mata, sannan jama'a za su iya haɗa hannu kan taswira guda.

Salon ajiyarsa muka fi yaba wa. coArchi yana farfasa taswirar: kowane guntu (wato abu guda, kamar manhaja ko na'ura), kowace alaƙa, kowane zane ya zama ƙaramin fayil na XML, sannan ya tura su rumbun Git, tsarin da ke adana fayiloli tare da tarihin gyaransu. Idan wani ya gyara zanen sashen kuɗi, wata ta gyara na sashen ma'aikata, ba su taɓa fayil ɗaya ba, aikinsu zai haɗu lami lafiya. Kuma kowa na da cikakken kwafi a kwamfutarsa, yankewar intanet ba ta tsayar da aiki.

Kafa shi ba wuya. A buɗe rumbu wanda ba komai a ciki, mutum ɗaya ya ɗora taswirar farko, sauran su sauke ta da adireshin. Daga nan kullum Refresh (sauko da gyaran wasu) kafin a fara, Commit (adana gyara a tarihi) bayan kowane gyara mai ma'ana, Publish (tura shi rumbu) kafin a tashi. Masu ajiye rumbunsu a shafin GitHub su lura, tun Agustan 2021 ba ya karɓar kalmar sirri ta asusu a wannan aikin, sai token (lambar shiga ta musamman) ko makullin SSH.

Matsala tana farawa ne idan mutum biyu suka gyara zane ɗaya. Idan gyaran nasu ya ci karo, coArchi zai nuna biyun ya ce a zaɓi naka ko nasu, ba ya gauraya su, aikin ɗaya ya tafi kenan. Maganinsa kowane zane ya kasance da mai shi ɗaya, a rubuta sunan sashensa a jikin foldar.

Wadda ta fi cin rai ita ce maimaici. Archi da lambar shaida take gane guntu, ba da suna ba. Mutum uku su ƙirƙiri "Manhajar Albashi" kowa tasa, taswira za ta ɗauke su manhajoji uku, alaƙoƙin su rarrabu a tsakaninsu, ranar da aka tambayi me zai tsaya idan manhajar ta faɗi sai amsa ta fito rabi. Validator, sashen Archi mai binciken taswira, yana zaƙulo sunaye masu maimaici da guntayen da ba sa cikin kowane zane, ya kamata a duba shi duk mako. Mafi alheri, a ware foldar manyan manhajoji da sabobi a hannun mutum ɗaya ko biyu, saura su jawo daga can. A kuma koya wa sababbi bambancin cire guntu daga zane da goge shi daga taswira, domin na biyun yana kwashe shi da alaƙoƙinsa daga duk zanen da yake ciki.

Babban giɓinsa izini ne. Wanda aka ba dama a rumbu ya ga komai, wanda aka ba izinin rubutu ya taɓa komai, ba a kulle folda ɗaya. Raba taswirar gida-gida kuma yana da tsada, don alaƙa ba ta tsallaka daga wannan taswira zuwa waccan. Ga ƙaramar tawaga da ta yarda da juna, taswira ɗaya da coArchi ta wadatar, shugabanni kuma a fitar musu da rahoton HTML su karanta a burauza. Banki ko ma'aikatar da dole ta ɓoye zanen tsaronta ga wasu ma'aikata, gara ta ajiye shi a rumbu dabam tun ranar farko, domin abin da ya taɓa shiga tarihin Git gogewa ba ta fitar da shi.