Kafin a Yarda da Aikin Baya: Sharhi Kan Wani Asibitin Kuɗi a Kaduna

Akwai wani asibitin kuɗi a Kaduna ta Arewa da ya buɗe sashen ƙashin baya, inda ake ganin masu ciwon kwankwason da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a yanke shawara ko aiki za a yi ko gashi da magani. Abin da ya fi ɗaukar hankali a wurin shi ne tambayar da likita ke fara yi: "Baba, ina ya fi damun ka, bayan ko ƙafar?" Duk shawarar tiyata a kan amsar nan take tsayawa, kuma da yawa daga masu zuwa ba a taɓa yi musu ita ba.

Dalili kuwa, tiyatar baya ta fi yin maganin ciwon ƙafa. Ƙasusuwan kwankwaso guda 5 ne, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai taushi a ciki. Idan faifan ya tsage abin cikinsa ya ɓullo, sai ya danne jijiyar da ke gangarawa ƙafa, galibi tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar (L4 da L5) ko na biyar da wanda ke ƙasansa (L5 da S1). Mutum zai ji zugi daga ɗuwawu ya bi bayan cinya har ƙasan gwiwa, da minjirya a yatsu. Wannan idan aka cire guntun da ke danne jijiyar, sauƙi kan zo da wuri. Amma ciwon da ya tsaya a gadon baya kawai, ba ya sauka ko'ina, wuƙa ba ta cika raba mutum da shi ba. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma, a ƙa'idojinta na 2016, ta ce kada a haɗe ƙasusuwa da ƙarfe saboda irin wannan ciwon sai dai a cikin gwajin bincike. Likitocin wurin suna faɗa wa mara lafiya haka ba tare da kwana-kwana ba, alhali aikin ƙarfen ne ya fi kawo wa asibiti kuɗi. A nan sun cancanci yabo.

Gwajin jiki ma ba a yi masa riƙon sakainar kashi. Za a kwantar da kai rigingine a ɗaga ƙafarka a miƙe, a ga ko zugin zai harba ƙasa kafin ta yi nisa. A sa ka taka da dunduniya, sannan da kan yatsu. A danna babban yatsanka ƙasa a ce ka ɗago shi da ƙarfi, a ƙwanƙwasa gwiwa da agara da 'yar guduma. Sai bayan wannan ake ɗaga hoton MRI a duba ko abin da ke jikin hoton ya yi daidai da ƙafar da ke ciwo. Tsarin ya yi, domin hoto shi kaɗai yana tsorata mutum a banza. Wani nazari da aka wallafa a 2015 kan mutanen da ba su da ciwon baya kwata-kwata ya samu faifai ya kumburo a jikin kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 84 na 'yan shekara 80. Ke nan dattijo ya ga an rubuta masa "faifai ya zame" ba hujjar aiki ba ce.

Wani abin da suka kula da shi, wanda a ƙasar nan bai kamata a tsallake ba, shi ne tarin fuka na ƙashin baya. Duk mai ciwon baya da zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, ko ɗan ƙusumbi da ya fara fitowa, ana masa gwajin jini da hoton ƙirji tukuna. Idan shi ne, maganin watanni ne masu yawa, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin tibi na gwamnati. Aiki sai idan laka ta dannu ko ƙashi ya rushe. Haka namijin da ya haura 50 akan duba masa ƙululun da ke ƙasan mafitsara (prostate), don cutar daji daga can takan bi ta zauna a ƙashin baya.

Inda ba su yarda da jira ba: fitsari ya riƙe ko yana zuba ba a sani ba, bayan gida ya ƙwace, matse-matsi da kewayen dubura sun mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafa ta fara jan ƙasa har silifa na zamewa. Ukun farko alamar an matse tarin jijiyoyin ƙarshen laka ne, kuma aikin gaggawa ne na kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ya tsaya zuwa wurin maɗori ko wanzami a yi ƙaho a wannan hali yana iya ƙarewa da robar fitsari har abada. In ba waɗannan ba, sukan ba da mako 6 zuwa 12 na gashi, motsa jiki da magani, saboda yawancin masu jijiyar da ta dannu suna samun sauƙi a cikin wannan lokaci, jiki da kansa yakan tsotse guntun faifan.

To, a nan ne sashen ya gaza. Ɗakin gashin ƙarami ne, kuma an fi dogaro da fitilar zafi da na'urar lantarki mai tsikari. Waɗannan suna sa a ji daɗi na awa ɗaya ko biyu, amma abin da ke riƙe baya shi ne ƙarfafa naman ciki da na ɗuwawu, da tafiya kullum. Ana nuna wa mutum atisayen sau ɗaya a baki, babu takarda mai zane da zai tafi da ita gida, babu mai duba ko yana yi daidai. Mai tuƙa Keke Napep daga Kawo zuwa Kasuwar Bacci da ya yini a zaune kan kujera mai girgiza, ko uwar gida mai wanki a sunkuye, ba a zauna da su a gyara yadda suke aikin. Idan bayan wata uku aka ce "gashi bai yi ba", a gaskiya ba a gwada shi ba. Sannan ana saurin sayar da bel ɗin ɗaure ƙugu, wanda ƙa'idojin NICE ɗin nan suka ce kada a bayar don ciwon baya.

Ɓangaren magani ba laifi. Suna tambayar abin da mutum ke saya a kemis, suna gargaɗi cewa daɗewa ana shan diklofenak na jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, kuma ba sa sakin taramol yadda aka ga dama.

Batun kuɗin aiki yana buƙatar gyara sosai. Jimilla ɗaya ake faɗa wa iyali, ba a rarrabe kuɗin likita, na mai sa barci, na gado, na jini, da na ƙarfen. A nemi a rubuta kowanne daban. Cire guntun faifai ko buɗe wa jijiyoyi hanya ba lallai ya buƙaci ƙarfe ba. Kusoshin taitaniyam da sanduna na wanda ƙashinsa ke zamewa kan ɗan'uwansa ne, ko ya karye, ko ya karkace. Idan an ce za a sa maka, ka tambayi kusoshi nawa, a kan ƙasusuwa nawa, kuma me ya nuna baya na motsi. Ƙashin da aka haɗe kan ɗauki wata 6 zuwa 12 kafin ya kama, taba sigari na hana shi kamawa, suga da bai daidaita ba na jawo ruɓar ciwo, kuma gaɓar da ke sama da wurin da aka ɗaure takan gaji da wuri don nauyin ya koma kanta. Takardar amincewa da suke ba da a sa hannu ta ambaci yagewar rigar laka da dawowar faifai, amma da Turanci take, kuma a gurguje ake fassara ta ga tsohon da ke cikin zafi.

Ga mai ciwon ƙafa da ya haura wata uku yana neman a auna shi da kyau, wurin ya dace. Wanda aka ce za a sa masa ƙarfe kuwa, ya karɓi faifan CD na hotonsa, ba takardar sakamako kaɗai ba, ya kai wa wani likitan a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya sake dubawa. Idan aka nemi faifan, asibitin ba ya hanawa.